Gashin Bakin Katiresan

Ponnusami ya tsufa a Kodambakkam, unguwar situdiyoyi, yana kwaso wa masu fim mutane. In ana son 'yan kasuwa, shi ne. In ana son masu kukan makoki ko 'yan biki, shi ne. Ya cika babbar mota da su da sassafe, ya juye a ƙofar situdiyo, ya raba musu idli, wainar shinkafa, ya tsawata wa mai gardama. Amma sunansa bai taɓa hawa allon sinima ba. Har direban jarumi an taɓa rubuta nasa.

Sai ga darakta Ilango, matashi mai zafin kai, ya kira shi. Ya ce ya gaji da fuskokin da kowa ya haddace. Yana son maigarin da ke cikin fim ɗinsa ya zama sabuwar fuska, mutumin da in ya shigo fage yara za su ɓuya bayan iyayensu. Kuma ba ya son gashin manne, ko sili ɗaya. In Ponnusami ya samo wannan mutum, sunansa zai fito shi kaɗai a allo, a matsayin mai zaɓen 'yan wasa.

Ponnusami bai tsaya godiya ba. Ya tamke zanensa, ya hau jirgin ƙasa.

Ya bi kasuwannin shanu da filayen kokawa. A Madurai, bayan tashar mota, ya ga Katiresan yana matsar rake. Ƙato ne, baƙi, gashin baki har kunne, a murɗe kamar ƙahon ɓauna. Ponnusami ya sha ruwan rake har cikinsa ya ƙulle, yana kallo, sannan ya ɗauke shi hoto. Da Ilango ya ga hoton sai ya daki tebur, ya rungume tsohon. Kafin a ɗauki ko fitowa ɗaya, masu zane sun zana gashin bakin nan a allon talla mai tsawon bene.

Ranar buɗe aiki situdiyo ya cika maƙil. An rataya wa kyamara furanni, an jera kwakwa da ayaba a gabanta. Malamin haikali ya riga ya zaɓi sa'ar da za a ɗauki fitowar farko, kuma furodusa mutum ne da ba ya yarda a wuce sa'a. Fitowar farko ta maigari ce.

Ponnusami na bakin ƙofa cikin sabuwar farar riga, ya kasa tsayawa waje ɗaya. Keke mai ƙafa uku ya tsaya. Wani ƙato ya sauko, kai ƙwal, an shafe shi da ƙullin itacen sandal mai ƙamshi, rawaya, fuska sumul kamar ta jariri. Ya duƙa ya taɓa ƙafar Ponnusami. Ponnusami ya ce masa 'yan cika fili ta ƙofar baya suke bi.

"Yaya, ni ne fa. Katiresan."

Ponnusami ya ƙura wa leɓensa ido.

"Ina yake?"

"Wa?"

"Gashin, ɗan nema. Ina ka baro shi?"

"Yana Palani, Yaya. Ga ma tsarabar haikali na kawo maka."

Da murnarsa ya yi bayani. Tun yana wasan dandali a ƙauye mahaifiyarsa ta yi bakance: ranar da ɗanta ya shiga fim, za ta kai gashinsa haikalin da ke kan dutsen Palani. Ga shi ya shiga. Yaya za a yi ya tsaya gaban kyamara da alkawari a wuyansa? Wanzamin ma sai da ya tambaya ko a bar na baki, tsohuwa ta ce ita da ta yi alkawari ba ta ware komai ba.

Ponnusami ya buɗe baki zai yi zagi, ya rufe. Shi ma a can ya kai 'yarsa aski da ta tashi daga ciwo. Wa zai zaga?

Ilango kuwa bai rufe nasa ba. Ya zagaya Katiresan yana leƙa fuskarsa, ya jefar da hularsa, ya ce an kawo masa dafaffen ƙwai a madadin maigari. Mai kwalliya ya matso da akwatin gashin manne, Ilango ya yi ƙwallo da shi. Furodusa na ta duban agogo. Ilango ya ce a kira masa kowane tsohon ɗan wasa da ke kusa.

"Kai kuma, Baba, koma wa motarka. Kwasar mutane ka iya, zaɓe ba naka ba ne."

Maganar ta shigi Ponnusami, don akwai gaskiya a ciki. Gashi ya zaɓo, bai dubi mai gashin ba. Sai yanzu ya tsaya ya dube shi. Ashe ƙaramin baki ne ke ƙarƙashin dajin nan, leɓen sama na rawa, kumatu na loɓawa. Katiresan na bin darakta yana ba da haƙuri, ƙato da shi, yana miƙa gwangwanin tsaraba, kwaɓin ayaba da zuma na haikali. Duk inda ya gifta, masu fitila sai su juya baya, kafaɗunsu na girgiza. Har malamin haikali ya toshe baki da mayafi.

Ponnusami ya ƙara dubansa. Wannan ba maigari ba ne, amma ba a iya ɗauke ido daga kansa.

Ya waiga wajen 'yan cika fili. Can gefe Marimuttu na zaune, tsoho siriri mai furfura, wanda aka ba riƙe wa maigari lema, ba shi da ko kalma ɗaya ta faɗa. Shekara da shekaru yana hawa motar Ponnusami. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, amma ba wanda ya taɓa zama a mazauninsa. Ko yanzu benci ya cika, ana matse juna, shi kuwa hagu da damansa fili ne.

Ponnusami ya tsallake wayoyi da gudu, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya fizge lemar daga hannun Marimuttu ya danƙa wa Katiresan. Ya ciro mayafin maigari mai bakin zinariya ya ɗora a kafaɗar tsohon, ya juya ga Ilango.

"Yallaɓai, ga maigarinka. Ga mai lemarsa."

"Wannan ƙashin? Iska za ta ɗauke shi."

"Ka ce kana son a ji tsoro. Ba ka ce kana son nama ba."

"Allon tallan fa?"

"Fenti ne."

Ilango ya ce ba zai yi wasa da fim ɗinsa ba. Ponnusami ya ce a ɗauka sau ɗaya tak. In bai yi ba, ba sai an kore shi ba, da ƙafarsa zai fita, kuma ba za a sake ganinsa a ƙofar wani situdiyo ba. Furodusa ya ce ko da wa za a yi, a yi yanzu, sa'a na wucewa.

Aka kunna kafur, aka fasa kwakwa, aka buga allon fara ɗauka.

Marimuttu bai tambayi komai ba. Ya tako a hankali zuwa gindin bishiyar da ake shari'a, Katiresan na biye da shi da lema, yana tuntuɓe don kada rana ta taɓa ubangidansa. Dariya ta fara tashi. Marimuttu ya tsaya, ya juyo da kai kawai. Dariyar ta mutu. Ya dubi manomin da aka gurfanar, ya faɗi maganar da ya ji ana ta bitarta tun safe, can ƙasa-ƙasa: "Gonar ta wa ce ka ce?" Ɗan wasan da ke durƙushe ya manta amsarsa. Lemar da ke sama ta hau karkarwa, kuma ba wasa Katiresan yake yi ba.

Ilango ya manta bai ce a yanke ba. Sai da mai kyamara ya taɓa shi.

Wuri ya ɓarke. Masu fitila na fito daga sama, 'yan cika fili sun ɗaga Marimuttu, shi kuwa ya ce a sauke shi, aka sauke shi nan take. Katiresan na kuka yana raba tsaraba da yatsa. Ilango ya sake kallon abin da aka ɗauka, ya kuma sakewa, sannan ya tsinci hularsa ya kakkaɓe. Ya kira mai rubuta sunaye, ya nuna masa Ponnusami, ya ce a ba shi allo guda, kada a haɗa shi da kowa.

Bai ba da haƙuri ba, Ponnusami ma bai nema ba.

"Baba, saura matar maigari. Wadda wannan tsohon zai ji tsoro."

Ponnusami ya ce akwai wata mai sayar da kifi a Nagapattinam. Ya tamke zanensa, ya tambayi jirgin yamma.