Rigar Dodon Baba Tela

"Riƙe masa kai, Malama, kar ya shaƙe," in ji Goggo, tana tura cokalin ruwa tsakanin leɓɓan mijinta.

Malama ta tallafo ƙeyar Baba Tela. Kan babu nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, amma rabonta da shigowa nan tun faɗan bara. An lulluɓe keken ɗinkinsa da zani, ɗakin sai warin man keke da magani.

Ruwan ya dawo ta gefen bakinsa. Ya buɗe ido.

"Yaushe za a ba da hutu?"

"Yau muka sallame su, Baba."

"Ramin ya cika?"

"Ka bar zancen ramin nan, Malam," in ji Goggo. "Kai da ko zama ba ka iyawa."

Ramin yana bayan layinsu, inda aka taɓa haƙar yashi aka watsar. Da damina yakan cika da ruwa kore shar, ba a ganin ƙasansa. Shekara ashirin da ɗoriya, duk ranar farko ta dogon hutu, Baba Tela kan shiga wata riga da ya ɗinka da buhu, mai idanun manyan maɓallai da haƙoran tsohon zif, ya laɓe bayan rusasshiyar katangar bakin ramin. Yara na isowa sai ya taso yana gurnani. Gudun ranar kan ishe su har a koma makaranta. Manya su yi dariya, su ce tsoho da ƙuruciya.

Malama kuwa ba ta ga abin dariya ba. Bara 'yarta Auta ta yi mako guda tana fitsarin kwance. Sai ta shiga shagonsa ko sallama babu, ta fizgo kan dodon daga jikin ƙusa, ta tara yaran layi ta ɗaga musu shi.

"Ku duba da kyau. Buhu ne da maɓalli, Baba Tela ne a ciki. Mai ilimi ba ya tsoron buhu."

Ranar ci gaba kawai ya yi da taka kekensa.

"Malama," ya ce yanzu, muryar kamar ana yaga takarda, "sun daina tsoro, ko?"

Da safiyar nan ta ji su a bayan aji suna gardamar wanda zai fara kaiwa tsakiyar ruwan. Ta gane muryar Auta a ciki.

"Suna tsoro, Baba."

Ya yi ɗan murmushi. "Ƙarya ba ta karɓe ki ba. Ki bar wa teloli sana'arsu."

Bayan azahar ya cika, yatsunsa na motsi a kan bargo kamar mai neman bakin zare.

Da aka fito da shi, yaran layi na tsaye jikin katanga. Malama ta ji wani ya raɗa wa ɗan'uwansa, "Dodo ya mutu."

Bayan mata sun ragu, Goggo ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta ciro wata 'yar riga ruwan ɗorawa wadda ba a gama kalmashe bakinta ba.

"Ta 'yarmu ce. Shekararta bakwai. Ranar farko ta hutu ta dame shi da surutu, ɗinki ya yi masa yawa, ya ce je ki waje ki yi wasa." Ta shafa rigar. "Sai washegari aka tsamo ta daga ramin."

"Goggo, wallahi ban sani ba."

"Ina za ki sani, 'yar nan? Ko sunanta ba ya iya kamawa. Ya yi ta zirga-zirgar a cike ramin har takalminsa ya cinye. Daga baya ya ce tunda ba a jin magana, to a ji tsoro. Duk shekara in ya cire buhun nan, jikinsa ya fi na yaran rawa."

A gida Malama ta zaunar da Auta, ta yi mata bayanin zurfin ruwa da laka mai riƙe ƙafa. Auta na ta gyaɗa kai irin na wadda aka ba aikin gida.

"Amma Mama, ai ke kika ce babu komai a wurin."

Abu guda ya tsaya wa Malama a rai: kowane yaro a layin ya ga an fita da Baba Tela. Duk abin da ya taso daga bayan katangar nan gobe, ba za su ce shi ne ba.

Da sassafe ta ƙwanƙwasa wa Goggo. Tsohuwar ta dube ta, ta juya ta ɗauko buhun.

"Zai yi miki tsawo. Tsaya in kama miki shi da fil."

Hantsi ya same ta durƙushe bayan rusasshiyar katanga. Cikin buhun zafi, ga warin man keke da zufar mamaci. Ta ƙananan hudojin da ke ƙarƙashin maɓallan tana ganin ruwan kwance, ko motsi ba ya yi. Ta gwada gurnani a hankali, abin da ya fito ya fi kama da kuka.

Can ta jiyo takun ƙafafu a kan tsakuwa, da dariyar Auta a gaba.