Tambarin Ƙasan Kofi

Mutanen layin suna kiransa Baba Kifau, kuma ba ƙage suka yi masa ba. Tun da ya bar aikin gidan waya ba shi da sana'a sai tara tsofaffin kayan tangaran: farantai, kofuna, butocin shayi, har da wani kwano mai murfi da ya rantse ya girmi kakansa. Kabad-kabad na gilashi sun cinye falonsa, kujera ɗaya ta rage, ita ma a bayan ƙofa. Farantan da suka rasa wuri ya rataye su a bango, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, kamar dangi sun jeru ɗaukar hoto.

Tarawar ba ta dami kowa ba. Hannunsa ne matsalar. Duk mai tara tangaran ya san fuskar faranti ba abin yarda ba ce, gaskiyarsa tana ƙasa, inda masu yinsa suka buga tambari. Don haka duk abin da aka miƙa wa Baba, kafin ya ce ya gode ya riga ya kife shi. Ya yi a gidan biki, ya yi a gidan makoki. Lokacin da matarsa ke raye da sauƙi: kusa da shi take zama, da ta ga yatsunsa sun fara motsi sai ta taka masa ƙafa. Duk tsawon aurensu babban yatsansa na dama bai huta ba. Da ta rasu yatsan ya warke, dardumomin mutane suka shiga uku.

Ɗansa tilo, likitan haƙori, ya samu wadda yake so, malamar makaranta. Uwarta tsohuwar shugabar masu jinya ce, kowa Sista yake ce mata, kuma ta ce ba za ta ba da amsa ba sai ta ga uban yaron. "Saurayi kowa ya iya wanka da turare," in ji ta. "A jikin uba ake ganin abin da zai zama."

A mota ɗan ya fara.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo."

"Kar in kife komai. Uwarka ta faɗa min tun ba a haife ka ba, kuma muryarta ta fi taka daɗi."

"Haka ka ce ranar da muka je gidan maigidana. Har yau in ya gan ni sai ya ce min sukari na nan cikin dardumarsa."

"Kwanon nan jabu ne. Taimakonsa na yi."

"Baba, matar nan sau ɗaya take kallon mutum. In ta ce a'a, ta zauna."

Baba ya dube shi. Yaron da ke cire wa manyan mutane haƙori hannunsa bai taɓa rawa ba, ga shi yana gumi a kan sitiyari. Sai Baba ya tura hannayensa cikin aljihu.

"In ta kama, zama zan yi a kansu."

Falon Sista tsaf yake kamar ɗakin tiyata, da farar darduma daga bango zuwa bango. Aka gaisa, aka zauna. Baba ya zagaya ɗakin da ido, hankalinsa ya kwanta: furannin roba, agogon bango, kofunan gilashi irin na kowa. Babu abin da zai ja mutum ga halaka.

Sai yarinyar ta shigo da shayi.

"Kai ne babba, Malam," in ji Sista, "shi ya sa na ce a zuba maka a kofin marigayiya mahaifiyata."

Kofin siriri ne, haske na ratsa shi, da shuɗin fure da zaren zinariya a baki. Baba ya san shi kamar yunwar cikinsa. Butar da sauran kofunan suna kabad ɗinsa na tsakiya. Matarsa ce ta tsinto su wurin 'yan gwanjo suna sabon aure, ɗaya ya fashe, ya gama kasuwanni yana neman madadinsa. Sai dai jabun irinsu sun cika gari. Na gasken yana da ɗan tsuntsu a ƙasa.

Ya ɗaga kofin sama kaɗan, ya karkata wuya. Ɗansa ya yi tari. Baba ya sauke kofin. Dabara ta zo masa: ya shanye tukuna, kofin da babu komai ciki kifa shi ba laifi ba ne. Ya kurɓa, shayin ya ƙona masa harshe har ƙwalla ta taru.

"Malam," in ji Sista, "tun da ka bar aiki me kake yi da ranakunka?"

"Karatu, yawanci," in ji Baba cikin natsuwa. "Mutum in ya tsufa, abin da ya fi masa shi ne ya koyi kame kansa."

Bakinsa na faɗin haka, hannunsa na can yana aikin da ya saba.

Shayin ya sauka a farar dardumar, ya bazu a hankali. Ɗan ya rufe ido. Baba kuwa yana kallon ɗan tsuntsun, ga shi nan, fukafukai a buɗe.

"Na gaske ne," ya ce, kafin ya tuna inda yake.

Sista ta daɗe tana kallon dardumar. Sannan ta juya wajen likitan.

"Na yi jinyar masu rawar hannu, na yi ta masu tafiya cikin barci. Wannan ban taɓa gani ba. Ana gadonta?"

"A'a, Mama, wallahi. Ni a kofin roba nake sha."

Yarinyar ta kawo tsumma ta hau gogewa. Baba ya ajiye kofin, wannan karon bakinsa a sama, ya ji kunyar da rabonsa da ita tun yana ɗan makaranta.

"Sista, laifin nawa ne, kar a ɗora wa yaron. Shi uwarsa ya biyo. Da can ina da mai taka min ƙafa in hannun ya tashi. Tun da ta tafi nake yawo ba birki."

Da gaske yake maganar. Amma kwanon sukarin ma mai shuɗin fure ne, kuma hannun bai san nadama ba. Ya riga ya kama hanya a kan tebur.

Wani zafi da ya manta da shi ya soki babban yatsansa na dama. Ya duba ƙasa. Yarinyar ta miƙe da tsummanta, diddigenta na kan takalminsa, fuskarta kamar ba ita ba.

"Sukari kake so, Baba? Bari in zuba maka."

Babu abin da ya wuce idon Sista.

"Ke, wa ya koya miki wannan?"

"Mama, 'yan aji ɗaya fa nake koyarwa."

Sista ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, dariya ta ƙwace mata. Ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"To. Cutar ba ta warkewa, amma na ga tana jin magani." Ta nuna likitan da yatsa. "Kai, ka dawo jibi mu tsayar da magana. Ka zo da mai wankin darduma."

"Kofin fa?" in ji Baba.

"Baba!"

"Kofin zai bi 'yata gidanta," in ji Sista. "In kana son ganinsa, ka je can. Ka sa takalmi mai kauri."

Da ɗingishi Baba ya isa mota. Ɗan ya buɗe masa ƙofa yana ta murmushi kamar wanda aka biya wa hajji.

"Yaya ƙafar?"

"Yarinyar nan ta fi uwarka nauyin diddige," in ji Baba. Ya cire takalmin, ya riƙe yatsan a hannu, ya juya fuska wajen taga. Har suka isa gida bai sake shi ba.