Suna na Ɗaya a Takardar Kiranye

Karo na huɗu ke nan da na ji Baba Ɗalhatu ya ce, "Assalamu alaikum jama'ar Kwarin Marke, ni ne Ɗalhatu," sannan ya yi shiru. Sai ɗan tari, sai ƙarar nan da waya ke yi idan an goge saƙon murya. Ina tsaye da dutsen guga a hannu, rigar aikin maigidana Rilwanu tana jirana a kan gado, amma kunnena yana jikin katakon da ya raba ɗakinmu da nasa.

Kada ku ga laifina. A gidan da muke haya a unguwar Al Nahda ta Dubai, falo ɗaya aka tsaga gida uku da katako, ko atishawa maƙwabcinka ya yi sai ka ce masa yarhamukallah. Ni kuma, in faɗi gaskiya, Allah Ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Rilwanu yakan ce da masu leƙen asiri sun san da ni, da tuni na daina sayar da turare a wani shago a unguwar Muraƙƙabat.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne Baba Ɗalhatu ba ya inda-inda. Shekararsa goma sha tara a Dubai yana kula da sito a wani kamfanin jigilar kaya da ke unguwar Deira, kuma tun da muka tare kusa da shi na san shi da doguwar magana a waya. Saƙon minti goma yake tura wa guruf ɗin mutanen garinsu ba tare da ya haɗiyi yawu ba. Duk a kan abu ɗaya ne: kiranyen da suke so su yi wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarsu, wani Honarabul Mika'ilu.

Ni a bakinsa na fara sanin cewa ana iya dawo da ɗan majalisa gida kafin wa'adinsa ya cika. Farkon zuwanmu, don neman shiri, na ce masa ya kawo takardar ni ma in sa hannu. Kallon da ya yi min ta saman tabarau har yau ina tunawa.

"Wasila, ke 'yar wace mazaɓa ce? Ina katinki yake?"

Na ce a Zariya na yi rajista. Ya ce to in riƙe alherina, ba taimakon masallaci ake tarawa ba. Ya zaunar da ni ya yi min karatu: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sannan a kai wa hukumar zaɓe, ita kuma ta sa ranar tantancewa, kowa ya je rumfarsa da katinsa ya ce ni ne, hannuna ne. In an tsallake wannan, sai a yi ƙuri'ar raba gardama. Shi da kansa, sai da ya ɗauki hutu ya hau jirgi zuwa gida don kawai ya sa hannu. Sunansa ne na ɗaya a shafin farko, kuma ya faɗa min haka ya fi sau ashirin.

Wata shida na yi ina son sanin me Mika'ilun nan ya tsare masa. Na san maganar gadar da ruwa ya cinye aka bar mata suna tsallaka rafi da kaya a kai, na san Honarabul ya koma babban birnin jiha ya canza lamba. Amma wannan damuwar kowa ce, nasa zafin ya wuce haka. Sai wata Juma'a da na kai masa tuwo miyar kuɓewa ya saki baki. Ashe shi ya kawo Mika'ilu, ɗan amininsa ne. Lokacin zaɓe dattawan gari sun ƙi shi, shi ya miƙe a ƙofar gidan mai unguwa ya dafa ƙirji ya ce in yaron nan ya ci amana, shi Ɗalhatu za a kama. Mutane suka ce tunda Ɗalhatu ya faɗa, sun yarda. Tun daga nan, duk wanda ya kira shi daga gida, bayan gaisuwa sai ya ce, ina mutumin naka?

Ciwon kuwa a gabanmu ya taso. Idanunsa suka yi rawaya, wandonsa ya fara zamewa, tuwon da yake cinyewa tas ya koma dawo da rabi. Rilwanu ne ya raka shi asibiti, ya dawo ya zauna bakin gado ya ce min hanta ce, kuma ta yi nisa. Baba Ɗalhatu ya haɗa mu da Allah kada mu bari a ji a gida. Haka mutanenmu suke a nan, mutum yana kwance rai a hannun Allah amma hoton da ya ɗauka a gaban dogon bene yake turawa. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya ɗaya ce gare shi, Murjanatu, malamar firamare a can garin. Wata uku yana ce mata kyamarar wayarsa ta lalace.

Da na ji ya fara sallama karo na biyar, na kashe dutsen guga, na haɗa shayi, na ƙwanƙwasa masa. Yana zaune a kan darduma ya jingina da gado, wayar a cinyarsa.

"Shayin ne ya kawo ki ko kunnen?" in ji shi.

Na ce duka biyun. Ya yi 'yar dariya, ya nuna min kujera.

A hankali ya warware min. Mutanen Honarabul sun shiga rediyo suna cewa takardar kiranyen cike take da sunayen matattu da na waɗanda ba sa ƙasar. Ranar Litinin kwamitin kiranyen zai kai wa hukumar zaɓe takardun, tantancewa kuma sai bayan makonni. Likita ya riga ya gaya masa abin da ya gaya masa.

"Suna na ɗaya, Wasila. Shafi na ɗaya. Ranar da za a kira Ɗalhatu ina ƙarƙashin ƙasa a maƙabartar Muhaisna. Ba sai sun yi ƙarya ba, ni zan ba su gaskiyar da za su kashe maganar da ita. Khalas, shi ke nan, wahalar mutum dubu nawa ta tafi."

Shi ya sa shekaranjiya ya kira sakataren kwamiti ya ce a cire sunansa. Ba a soke suna da biro a irin wannan takarda, sai dai a sake shafin gaba ɗaya, a bi mutum ashirin da huɗun da ke ƙasansa gida-gida su sake sa hannu. Sakatare ya tambayi dalili, ya ce uzuri ne. Kafin rana ta faɗi maganar ta zaga gari. Ya miƙo min wayar na karanta da idona. Wani ya rubuta cewa dama ɗan amini ba ya zama bare. Wani ya ce an saye shi. Wani dattijo ya turo murya, ba zagi, cewa kawai ya yi, "Ɗalhatu, sau biyu ke nan." Mutum tara a shafin sun ce in ya janye su ma sun janye.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na manta da wa nake magana. Na ce Baba ai wannan ba abin wahala ba ne, ka gaya musu gaskiya mana.

"Murjanatu tana cikin guruf ɗin."

Ni da nake ganin babu abin da ke wuce kunnena a gidan nan, ban taɓa kawo wannan ba. Ba kalmomi ne suka ɓace masa ba. In ya yi shiru ya mutu a matsayin wanda ya yaudari garinsu sau biyu, takardar kuma ta watse. In ya yi magana, 'yarsa za ta ji mutuwarsa a cikin taron mutum ɗari biyu.

Na ce to a fara kiranta. Ya ce ya gwada jiya, da ta ɗauka sai ya tambaye ta kuɗin masara a kasuwa. Ya juya kofin shayin a hannunsa ya fi a ƙirga, sannan ya ce ko zan riƙe masa wayar. Ya sa na miƙo masa hularsa daga kan ƙusa, ya gyara wuyan rigarsa, ya cire tabarau ya ajiye.

"Yalla, kira. Ki kunna kyamarar."

Lokacin tara ne a makarantarsu, ina jin hayaniyar ɗalibai a bayanta. Ta fito da fara'arta tana cewa ashe an gyara waya. Nan take fara'ar ta ɗauke. Na ga idonta yana bin fuskarsa, daga goshi zuwa wuya. Ta matsa ta shiga wani aji da babu kowa, ta rufe ƙofa.

"Baba, tun yaushe?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba. Ni dai na kafe idona a kan labule, hannuna biyu riƙe da waya, hawaye na zuba ba halin sharewa. Ban taɓa jin kunyar son jin maganar mutane ba sai ranar, don wannan ba tawa ba ce kuma babu inda zan kai kunnena. Ta yi kuka, ta yi masa faɗa irin na 'ya da uba, ta ce ya dawo gida gobe. Ya ce likita ya hana shi jirgi. Da ya kawo maganar takarda na zaci za ta ce ana maganar rai wa yake ta takarda. Sai ta share fuska da gefen hijabinta.

"Ka yi musu maganar yanzu, Baba. Ina nan, zan saurara tare da su."

Saƙon bai kai minti biyu ba, shi ne mafi gajarta da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce ba shi da lafiya, ba ya sa ran kaiwa ranar tantancewa, kuma ba ya so a yi amfani da gawarsa a kare wanda ya ci amanarsu. Ya ce shi ya kawo Mika'ilu, ya yi kuskure, su yafe masa. Ya roƙi mutum ashirin da huɗun nan, ya kira su ɗaya bayan ɗaya da sunan mahaifinsu ba tare da ya duba takarda ba, su sake sa hannu. Ya tura, ya kife wayar, ya ce in tafi kada in makara aiki.

A bas ɗin Deira har na sauka ban daina tunanin me ake cewa a guruf ɗin ba. Da na dawo Rilwanu ya tare ni a ƙofa ya ce jikin Baba Ɗalhatu ya tashi, an kwantar da shi.

Kwana biyar ya yi a asibiti. Wayarsa tana hannuna, kullum kafin in wuce shago sai in biya in kunna masa saƙonni. Masu neman gafara, masu addu'a, masu kuka. Dattijon nan ya turo ya ce ya janye maganarsa, bakinsa ne ya riga hankalinsa. Baba Ɗalhatu yana ji ido a lumshe, in sun ƙare tambayarsa ɗaya ce, an sake shafin? Kwamiti ya ɗaga kai takardun da mako guda, don damina ce, rabin mutanen suna gona a tsallaken rafi, sai an bi su da kwalekwale. Ranar Talata na ce masa saura mutum shida. Ya ɗaga yatsu yana lissafi, ya ce ya san su, masu taurin kai ne amma za su sa.

Ranar Laraba kafin la'asar ya cika, Rilwanu yana gefensa. Takardun izinin binnewa suka ɗauki kwana huɗu. Aka yi masa sallah aka kai shi Muhaisna, mutum goma sha ɗaya, har da Kure, wani Kirista mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ke haya a ɗaki na uku, wanda ya bar aikinsa ya bi su ya tsaya daga gefe. Ni ina gida, ina naɗe kayansa a kwali don a aika wa Murjanatu. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata. Ɗakin ya yi tsit, ba abin saurare.

Ban san yadda kiranyen zai ƙare ba, har yanzu ba a yi tantancewar ba, kuma Rilwanu ya ce irin wannan abu da wuya ya kai gaci. Abin da na sani shi ne washegarin jana'iza, ina tsaye a tashar bas rana na dukana, saƙon Murjanatu ya shigo. Ta ce an kai takardun da safe. Ta ce tun farko Baba ne ya hana ta sa hannu, wai ita ma'aikaciyar gwamnati ce, kada a jefa ta wani ƙauye mai nisa, kuma ba ta taɓa saɓa masa ba. A ƙasan maganar akwai hoto.

Na matsa inuwar rumfar tashar, na kare wayar da tafin hannu, na buɗa hoton da yatsu biyu. Sabon shafin farko ne, gefensa ya ɗan jiƙe ya bushe. Layi ashirin da biyar a cike, wasu da biro, wasu da dangwalen yatsa. A layi na ɗaya, da rubutun malaman firamare mai tsabta, an sa Murjanatu Ɗalhatu. Gurbin bai ishe ta ba, sunan mahaifin ya ɗan haura kan layin da ke gefe.