Neman Garin Maman Zali

Ranar da aka kama Marwan, Jannatu tana tsakar tuƙa tuwon da take kai wa masu umara a Misfala. Maƙwabciyarta ce ta hawo bene tana haki, ta ce an tare motar da yake ciki a hanyar Aziziyya, an tambayi ikama, wato takardar izinin zama, ba shi da ita, an wuce da shi. Jannatu ta saki muciya ta zauna a ƙasa. Tuwon ya kama har ya ƙone, ba ta ko ji ƙaurinsa ba.

Ita kanta a Makka aka haife ta, a wani lungu na Utaibiyya, haka ma mijinta marigayi, wanda ɗan baffanta ne. Kakansu ɗaya, Maman Zali, shi ne ya taho a ƙafa daga ƙasar Hausa, ya ratso Chadi, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan kafin ya tsallako teku. Da can suna da takardu a ƙarƙashin wani kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya musu, amma tun da mutumin ya rasu maganar ta bi ruwa, aka wayi gari zuriyar duka suna raɓe-raɓe a garin da aka yanke musu cibiya. Marwan gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata.

Sai da aka yi kwanaki kafin wayarta ta yi ƙara da lambar da ba ta sani ba.

"Ya ummi, ni ne. Kada ki yi kuka, wallahi lafiyata ƙalau."

Hausar Marwan a karye take, rabinta Larabci, amma ta fahimci abin da ya fi muhimmanci. Yana gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a fitar daga ƙasa. Wani jami'i daga ofishin jakadanci ya zo ya tambaye shi jiharsa da garinsa, ya ce Makka. Aka ce ba wannan ba, garin ubansa. Ya sake cewa Makka.

"Ya ce sai da gari, ummi, sai da shaida, kafin a ba ni takardar tafiya. Akwai wani a ɗakinmu, shekara ta zagayo yana jira, ba ƙasar da ta ce nata ne. Mu 'yan ina ne?"

Nan take layin ya katse.

Tun daga ranar tsoro biyu suka sa ta a tsakiya. In ba ta samo garin ba, yaron zai dawwama a tsare. In kuma aka ɗauke shi haka nan aka sauke a filin jirgin ƙasar da bai taɓa gani ba, wa zai tarye shi, shi da ko cinikin tumatir ba zai iya yi da Hausa ba?

Ta tafi wurin Goggo Shatu, ƙanwar mahaifinta, wadda ita ce ta rage a 'ya'yan Maman Zali. Tsohuwar ta saurare ta tana murza carbi.

"Baba ba ya maganar gida," in ji ta. "In an tambaye shi sai ya ce wanda ya zo maƙwabtaka da Ɗakin Allah ba ya waiwaye. Katagum dai na sha ji a bakinsa. Amma Katagum ƙasa ce guda, Jannatu, ba gari ɗaya ba ce. Ki je wurin umda, mai unguwa. Ina ƙarama an taɓa bin gida-gida ana rubuta mutanen unguwa."

Jannatu ba ta taɓa shiga ofis da ƙafarta ba. Duk rayuwarta kauce musu take yi. Ta tsaya a tsallaken titi tana kallon ƙofar mai unguwar, ta tafi, ta dawo, zufa tana bin bayanta a cikin abaya. Da ta tuna muryar Marwan sai ta rufe ido ta shiga.

Umdan dattijo ne mai sanyin magana. Bai tambaye ta ikama ba. Ya sa aka ɗauko tsohon littafin ƙidayar unguwa, ya riƙa bin layi da yatsa yana neman Muhammad, sunan Maman Zali na yanka. Muhammad Takaruni. Muhammad Takaruni. Wani Muhammad Takarunin kuma. Takaruni kuwa haka ake kiran duk mutumin Afirka ta Yamma, a wurin asali ma duk abu ɗaya aka rubuta musu, Afirka.

"Ma'alesh, yi haƙuri, 'yata," in ji shi. "Kakanki yana cikin waɗannan, amma ban san wanne ba ne, kuma ko na sani bai amfane ki ba. Masu ƙidaya kawuna suke so. Wanda ke rubuta garin mutum shi ne muɗawwifi, jagoran alhazan da ya karɓe shi a hajjinsa na farko. Wa ya karɓi mutanenku?"

Goggo Shatu ta san gidan, amma an rushe shi tun lokacin da manyan otal suka cinye tsohuwar Misfala. Da tambaya suka gano jikan muɗawwifin, Nu'uman, ya koma Aziziyya. Hanyar da aka kama Marwan ke nan, babu wata.

Suka ɗauki tasi su biyu. Kafin a kai wata gada motoci suka fara tafiyar hawainiya, Jannatu ta hango fitilar motar 'yan sanda a gaba. Idan aka kama ta yau, wa zai ci gaba da neman? Goggo Shatu ta damƙe mata gwiwa tana karanta abin da ya sawwaƙa. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga tsohuwa da sanda, ya dubi direban, ya yi musu alama da hannu su wuce.

Nu'uman mutum ne mai fara'a, ya kai shekara hamsin. Ya ce littattafan kakansa suna nan a kwalaye a ɗakin soro, ba wanda ya taɓa su tun rasuwar mahaifinsa, kuma ba a jere suke ba. Ya tambayi shekarar zuwan Maman Zali. Goggo ta ce ita dai an goyo ta aka shigo da ita. Da wannan ɗan abin suka fara. Ranar farko ba su sami komai ba, haka ta biyu, kuma kowane zuwa sai an bi ta gadar nan. A zuwa na uku, bayan la'asar, Nu'uman ya tsaya a wani shafi da ya yi ja don tsufa.

"Muhammad bin Gazali," ya karanta. "Daga Katakum. Ya shigo ta Sawakin."

"Zali!" Jannatu ta ce tana miƙewa. "Gazali ne Zali. Shi ne!"

"Ga sunan matarsa ma a gefe. Samiya Kuji."

Jannatu ta koma ta zauna. Kakarta Hadijatu ce, kowa ya sani. Wannan wani Muhammad ne daban, su koma farko ke nan. Ta juya za ta share hawaye, sai Goggo Shatu ta ce, "Ɗan nan, maimaita min."

"Samiya Kuji."

Tsohuwar ta yi ta juya kalmar a baki, can sai ta bugi ƙirji. "Ba mace ba ce! Tsamiya ce! Balarabe ba ya iya cewa tsa. Tsamiyar Goje. Duk ranar da Inna ta dama kunun tsamiya sai Baba ya ce ba ta kai ta Goje tsami ba. Mu mun ɗauka wani mai kanti ne a Sudan."

Sunan gari ya samu, amma shafin tsohon littafi a Makka ba zai isa shaida ba sai an sami wanda zai amsa daga can. Cikin masu sayen tuwonta akwai wani malamin makaranta daga Azare, Malam Awwalu, wanda ya zo umara, ya kusa komawa. Ta daɗe tana shawara da zuciyarta, don ba ta saba buɗe wa baƙo cikinta ba. Ranar da ya zo sallama ta faɗa masa komai a bakin ƙofa.

"Hajiya, ban taɓa jin garin ba," in ji shi. "Amma in yana ƙasar Katagum, zan taka da ƙafata. Ki sa ni a addu'a a Harami."

Jiran nan ya fi komai cin rai. Kiran Marwan ya riƙa gajarta, ga tari ya kama shi, yana ɓoye mata tana ji. Sannan saƙon murya na farko ya zo daga Malam Awwalu. Ya je sakatariyar ƙaramar hukuma, an duba jerin garuruwan da aka yi ƙidaya a cikinsu, babu Tsamiyar Goje. Jannatu ta saurari saƙon sau ɗaya ta kife wayar. Ranar ba ta ɗora tukunya ba.

Amma Malam Awwalu bai haƙura ba. Wani ma'aikaci ya ba shi shawara ya bi gidajen hakimai, don wasu suna ajiye da littattafan haraji na zamanin En'e. Ya je gida ɗaya, gara ta cinye nasu. Ya je na biyu, a nan aka ga sunan. Ashe ambaliya ce ta tashi garin tun da daɗewa, mutanen suka koma kan tudu, aka raɗa wa wurin sabon suna. A littafin akwai gidan Zali da 'ya'yansa maza. An ja layi a kan sunan Maman, an rubuta a gefe cewa ya tafi Gabas. Ƙanensa kuwa ya bar zuriya, kuma ɗansa, Malam Jibo, yana nan da rai.

Saƙon da ya biyo baya ba muryar Malam Awwalu ba ce. Wani tsoho ne, muryarsa tana rawa, ana jin awaki a bayansa.

"Salamu alaikum, ɗiyata. Ni ne baffanki Jibo. Ubana ya mutu yana cewa wansa ya tafi Gabas bai dawo ba, har sadaka aka yi masa. Ashe ya isa! A turo yaron. Gidan ubansa ne, ba alfarma za a yi masa ba."

Jannatu ta kai wa Goggo Shatu wayar, suka saurara tare, suka yi kuka har maƙwabta suka leƙo.

Hakimi ya ba da takardar shaidar asali, Malam Awwalu ya turo hotonta, Nu'uman ya haɗa da hoton shafin littafin kakansa ya kai ofishin jakadanci a Jidda da kansa, tun da ita ba ta da halin zuwa. Aka sake shiga jira, har wata asuba Marwan ya kira ya ce an ɗauki hotonsa, sunansa yana cikin masu tashi.

Sai a lokacin abin ya sauko mata. Duk wahalar nan da ta sha, ta sha ce don a raba ta da ɗanta. Ba ta iya raka shi ba, ba ta ko gan shi ba. Jaka kawai ta aika masa ta hannun Nu'uman, da kayan aikinsa a ciki da dabino da maganin tari.

Malam Awwalu da wani ɗan Malam Jibo suka tarye shi a Kano. Ya yi mako biyu a ƙauyen, 'yan'uwa suna zuwa kallonsa, yara suna dariyar Hausarsa, sannan ya koma Azare inda wani mai gyaran firji ya ɗauke shi. Tarin ya lafa. Yakan kira ta ranar Juma'a, wani lokaci da dariya, wani lokaci ya ce yana kewar Makka har ba ya iya cin abinci.

Malam Jibo kuwa duk saƙon da zai turo sai ya tambaya yaushe za ta zo ta ga dangi. Jannatu takan ce in Allah ya yarda. Ta san in ta fita ba dawowa, ga Goggo Shatu ba mai kula da ita, ga kabarin iyayenta da na mijinta a nan. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta tana kaiwa Misfala, tana bin lunguna, tana kauce wa babban titi.