Abin da Sabo Mai Rijiya Ya Ce

"Inna Tani! Inna Tani, ki zo, numfashin Baba ya canja!"

Husaina ce ta leƙo ta saman katangar da ta raba gidanmu da nasu. Ina cikin tankaɗen garin tuwo, na yar da rariya, na yayumi mayafi na fita ko hannu ban wanke ba.

Malam Sabo yana kwance a tabarma a ƙofar ɗakinsa, domin tun da ciwon ƙirji ya kayar da shi ya ƙi yarda a shigar da shi ciki, wai yana son ya riƙa ganin sama. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Husaina ce kaɗai ta rage masa. Rabin rijiyoyin lungunmu a Mandawari shi ya haƙa su, har da ta tsakar gidana, kuma shi ke yashe su duk rani. Amma ni dai, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa sakin jiki da shi ba.

Mutum ne da zai ce wa akuya sannu. In an ce masa ruwan rijiyar nan ya yi daɗi, sai ya ce, "Shi ne." In an ce ƙasa ta rufta a wani wurin, ya ce, "Shi ne." Wasu suka ce ɗan haƙiƙa ne, irin masu cewa komai Allah ne. Wasu suka ce ina, wannan ai ko Allahn ma bai yarda akwai ba, rufa-rufa kawai yake yi. Salla kam yana yi, a sahun baya, kusa da takalma. Ni kuwa duk ranar da ya yashe mini rijiya, sai na tofa Ƙulhuwallahu a gugan farko kafin in bari a sha.

Sau ɗaya na tare shi da maganar. Ya fito daga rijiyata jikinsa duk laka, na miƙa masa fura, na ce, "Malam Sabo, wai kai me ka yarda da shi ne?"

Ya yi dariya. "Tani, ranar da ƙasa ta danne ƙanena a rijiyar Gwale, na sauka na yi ta kira, na kira shi, na kira Allah. Muryata ce kawai ta dawo mini. Tun daga ranar nake tunani. Ko dai ba kowa, ko kuwa Shi ne mai kiran, Shi ne mai amsawa."

"To wanne ne a ciki?"

"Wata rana wannan, wata rana wancan," ya ce, ya shanye furarsa.

Yanzu ga shi ido ya faɗa, haƙarƙari na ɗagawa da kyar. Na durƙusa kusa da kunnensa na fara laƙƙana masa kalmar shahada. Ya motsa baki. Husaina ta ruga ɗebo ruwa, sai ya zamana ni kaɗai na ji abin da ya ce. Kafin ta dawo da moɗa rai ya yi halinsa.

Shekarar ce da soja suka koma bariki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bango ba, gari kuma ya ɗauki zancen Shari'a. Samarin unguwa sun kafa kwamiti, kowa na sa wa kowa ido, har mai tsire ya rage sautin rediyonsa. Ɗana Abdulbaƙi shi ne sakatarensu. Yaron kirki ne, sai dai tun da ya tara gemu ya fara gyara mini alwalar da nake yi tun kafin a haife shi.

Kafin azahar soron gidan Malam Sabo ya cika. An kawo likkafani, an jingine makara, amma ba wanda ya tashi yin wanka. Muna daga ciki muna jin muryoyi na tashi, ta Abdulbaƙi ta fi ta kowa.

"Mutumin da ya ce dutse Allah ne, a sallace shi? Malam Liman, a bincika tukuna!"

Husaina ta riƙe mini hannu. "Inna, in suka ƙi yi masa salla fa? Haka za a tura shi rami? Ni ina zan sa kaina a unguwar nan?" Ta rage murya. "Ki ce ya cika da shahada. Don Allah, Inna. Wa zai sani?"

Tausayinta ya kama ni, amma ban taɓa ɗora wa mamaci maganar da bai yi ba.

Aka ce liman na kirana. Na tsaya a bayan ƙyauren soro. Malam Mikail, limamin masallacinmu, tsoho ne mai sanyin magana, amma ranar muryarsa ba wasa.

"Malama Tani, an ce a hannunki ya cika. Me kika ji ya ce?"

"Allah gafarta Malam, na laƙƙana masa. Ya ce, ‘Ba kowa.’"

Soro ya ɗauki salati. Na ji Husaina ta zube a bayana.

"Kun ji ko!" in ji Abdulbaƙi. "Da bakinsa!"

"Kai, ban gama ba," na ce. "Kana katse ni a gida, za ka katse ni a gaban mutane?"

Na ci gaba.

"Bayan nan bakinsa ya ci gaba da motsi, ban ji abin da yake faɗa ba. Sai ya ja numfashi ya sake shi, ya ce, ‘Hu.’"

Wani dattijo ya yi caraf ya ce, "Ai shi ke nan! Ba kowa sai Shi. Fassarar kalmar ce ya yi, ya rufe da sunan Ubangiji irin na masu zikiri."

"Wane suna?" in ji Abdulbaƙi. "Numfashi ne kawai. Inna, kowa ma in zai mutu haka yake yi."

"Haka ubanka ma ya yi," na ce. "Ina wurin."

Ban yi nufin in sare shi haka ba, maganar ce ta fito da kanta.

Malam Mikail ya yi gyaran murya. "Ke a naki jin, suna ne ko numfashi?"

"Wallahi Malam ban sani ba. Na saurara iya saurarena."

Can liman ya ce, "Ni ma da nake gaba ban taɓa ganin abin da ke sahun baya ba, amma na san yana wurin. A kawo ruwan wanka."

Sai aka tarar randunan gidan duk wayam, rijiyarsu kuma ta ƙafe tun da mai yashe ta ya kwanta. Tawa ce mafi kusa. Na dubi Abdulbaƙi ta kafar ƙyaure. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya nufi gida. Shi ya yi ta jido ruwan wankan har aka ce ya isa.

An yi sallar a ƙofar masallaci. Sahun bai kai yadda aka saba ba, wasu samarin sun koma gefe sun harɗe hannu. Ban tambayi Abdulbaƙi a ina ya tsaya ba, shi ma bai faɗa mini ba. Da ya dawo dai akwai jar ƙasar maƙabarta a gwiwar wandonsa.

Bayan la'asar na koma gida in ɗora wa masu zaman makoki tuwo. Garin yana nan inda na bar shi, kaji sun yi ɓarna a ciki. Na je bakin rijiya, na leƙa, na ga fuskata da ɗan gutsuren sama a bayanta. Na waiwaya, ba kowa a tsakar gida. Na sunkuya a hankali na ce, "Salamu alaikum."

Sallamar ta dawo mini daga ƙasa, da muryata. Na ɗan jira, sannan na zura guga.