Birkin Gaba a Hannun Dama

Tun da Gwanki ya shiga shagon Sifana ya tarar an jingina masa kekuna uku a jikin bango, an goge su suna ta ƙyalli, ransa ya ba shi akwai lauje cikin naɗi. Sifana ba ya goge kaya don mai saye. Mutum ne da za ka yi masa sallama yana tsugune gindin taya ya amsa maka da ƙeya, in ka tambayi abu ya nuna maka da haɓa. Yau kuwa har da jawo kujera, har da tambayar iyali. Ga kuma Auta, ƙanen Gwanki, wanda ya ce rakiya kawai ya yo, ya harɗe hannu a bakin ƙofa yana kallon titi kamar bai taɓa ganin mota ba.

Gwanki kafinta ne, amma ba a wurin katako ya samo sunansa ba. A duwatsun bayan gari ya same shi, inda shi da abokansa suke tseren keke duk ƙarshen mako, su hau tudu, su ratsa kwazazzabo, su gangaro ta turbar da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi. Shi ya koya wa Auta hawa, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne yaron bai taɓa wuce shi ba. Ya faɗi wannan magana a gida, ya faɗe ta a wurin aiki, har mutane sun haddace ta. Yanzu ga babbar gasa ta matso, tsohon kekensa kuma ya tsage a ƙarƙashin sirdi, dole a nemi sabo.

Akwai abin da Gwanki bai gaya wa kowa ba. Hannunsa na hagu ya daina jin maganarsa. Da 'yan yatsu biyu na ƙarshe abin ya fara, suka riƙa mutuwa kamar ya kwana a kansu, daga baya riƙon ma ya yi rauni. A wurin aiki da filaya yake kama ƙusa, in an tambaya ya ce tsoron guduma yake. A kan dutse kuwa ya daina taɓa birkin gaba, wanda yake hannun hagu, sai dai ya danne na baya tayar ta yi ta jan ƙasa har ya sauka. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya san in matarsa ta ji za ta kulle keke a sito, Auta ya ja shi asibiti, likita ya ce a sauka, shi ke nan Gwanki ya koma kafinta kawai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, don haka duk kallon da aka yi masa sai ya auna shi.

Sifana ya fara bayani. Na farko mara nauyi ne, da yatsa biyu za ka ɗaga shi, amma ba shi da sifirin a baya, duk dutsen da ka taka sai ƙugunka ya ba da labari. Na biyu yana da sifirin gaba da baya, ya ɗan fi nauyi a hawa amma yana shanye gargada. Na uku dogo ne, ya fi son miƙaƙƙiyar hanya. Gwanki ya jinjina kowanne, ya murza feda, ya saurari sarƙa, ya canja giya. Da ya jawo na biyun zai fita gwaji sai Sifana ya riƙe sirdin, ya ce ya yi hankali, waɗannan birkin gabansu a hannun dama yake, na baya a hagu.

"Tun yaushe?"

"Haka suke zuwa yanzu. Sabon yayi ne," in ji Sifana, idonsa na kan taya.

Auta ya juyo daga bakin ƙofa ya ce shi ma ya ji haka, manyan 'yan tsere duk sun koma wannan tsari. Da sauri ya faɗa, tun kafin Sifana ya rufe baki, kamar ɗalibin da ya kwana yana bitar amsa. Auta da ba ya iya bambance sifana da sukundireba, yau shi ne masanin yayin birki. Gwanki ya tura keken zuwa lungun bayan shago.

Lungun yana da 'yar gangara da tsakuwa, ga kwata a ƙarshe. Ya sako keken, ya taɓa birki da dama, ya tsaya cak tun kafin kwatar. Ya sake, ya sake. Rabon da keke ya tsaya masa inda yake so har ya manta, kuma daɗin da ya ji shi ya ƙara ɓata masa rai. Ya sa ƙafa a ƙasa ya shiga lissafi. Hannun daman da ya shekara da shekaru yana damƙar birkin baya da ƙarfi, ranar gasa, a tsakiyar gangara, cikin ruɗu, ai damƙa zai yi yadda ya saba, tayar gaba ta ƙame, shi kuma ya tashi sama ta kan keke. Ko bai faɗi ba, zai sauko a ɗarare kamar sabon shiga. To wa zai ci riba?

Nan take abubuwa suka fara jeruwa a kansa. Auta ya sayi sabon takalmin feda. Auta yana fita atisaye shi kaɗai da sassafe. Auta ne ya ɗauki tsohon keken ya kawo wa Sifana, wai a duba tsagar, har yau bai dawo da shi ba. Kwanan baya kuma ya shigo gida ya tarar da matarsa da Auta a kicin suna magana ƙasa-ƙasa, suna ganinsa ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Biri ya yi kama da mutum. Yaron da ya goya a bayan keke, yau shi ne zai haɗa baki da mai shago don ya wuce shi a gaban jama'a. Abin ya yi masa ciwo.

Ya dawo da fara'ar da ba ta kai ciki ba, ya ce tayar baya tana son iska. Sifana ya shiga ciki ɗauko famfo, Auta kuma wayarsa ta yi ƙara ya fita. Gwanki ya bi layin sababbin kekunan da ke rataye a ƙugiya, irinsu ɗaya da waɗanda aka ware masa, har launi. Ya juya tayar baya ta na farko ya matsa birkin dama, ta tsaya. Na gaba ma haka, na gabansa ma haka. Duk shagon birkin gaba a hagu yake, ban da ukun nan. A kan teburin aiki ga tsumma jiƙe da man birki, ga sabon kwarzane a kan notin da ke riƙe da tiyon birkin keken da ya gwada.

Da suka dawo bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga tsumman da yatsa biyu ya tambayi Sifana ko kamfanin ne ya aiko da shi tare da sabon yayin. Sifana ya ajiye famfo, ya dubi Auta, ya ce dama ya gaya masa wannan mutumin ba a yi masa rufa-rufa a kan keke. Ya ce shi dai ruwa zai je ya sha, ya fice.

"Auta, gasar ce ta kai ka haka? In wuce ni kake so, ka wuce ni da ƙafarka."

Auta ya juya. Ya shiga ɗakin baya ya turo tsohon keken, ya kifa shi a kan sirdi, ya zaro takalman birkin ya shimfiɗa su a tafin hannunsa. Na baya sun cinye har ƙarfe ya fito. Na gaba kuwa suna nan da kaurinsu kamar yau aka sa. Ya ce a bana Sifana ya canja na baya har ya gaji, na gaba ko sau ɗaya. Gwanki ya ce kowa da salon hawansa, ba yau ya fara ba.

"To Yaya, miƙo hannunka na hagu ka matse nawa."

Hannun yana aljihu, a nan ya zauna. Auta ya sauke nasa. Ya ce Anti, wato matar Gwanki, ita ce ta fara lura, tun ranar da ta ga ya koma ɗaukar kofin shayi da dama yana ɓalle maɓallin riga da hannu ɗaya. Ita ta hana a tunkare shi, ta ce in aka matsa masa zai riƙa sulalewa dutse shi kaɗai, ya faɗi inda babu mai ɗaga shi. Shi ya sa suka roƙi Sifana ya mai da birkin da ke tsai da keke hannun da ke da ƙarfi, ya kuma gargaɗe shi kafin ya hau, don ya saba tun kafin gasa.

Gwanki ya ji kunya ta lulluɓe shi, amma bakinsa bai yarda ya mutu ba. Ya ce duk da haka, ai shi Auta ba zai ƙi ganin yayansa yana lallaɓawa a gangara ba, ko ba komai ya samu ya shiga gaba sau ɗaya a rayuwarsa.

Auta ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Yaya, tun bara nake riƙe birki a bayanka. Ina kallon tayarka tana jan ƙasa, ina addu'a. In na wuce, wa zai ga faɗuwarka?"

Gwanki ya zauna a kujerar da Sifana ya jawo masa ɗazu. Ya tuna ƙarar birkin nan da yake ji a bayansa a kowace gangara, ƙiii, ƙiii, wadda ya riƙa ba abokai labari yana cewa yaro ne ke fama da tsoro. Ya tuna yadda Auta ke isowa gindin dutse numfashinsa lafiya lau, ya ce masa sannu da ƙoƙari, Yaya. Da a ce makirci ya bankaɗo, da ya san yadda zai yi da shi. Wannan kuwa bai san inda zai ajiye shi ba.

Sifana ya leƙo ya tambaya ko a mai da birkin yadda yake. Gwanki ya nuna na biyun, mai sifirin gaba da baya, ya ce a bar shi haka. Auta ya ce saura asibiti, kuma ba roƙo yake ba. Gwanki ya harare shi don kada girma ya zube gaba ɗaya, amma bai ce a'a ba.

Ƙarshen makon suka hau dutse su biyu. A bakin babbar gangarar Gwanki ya ja sabon keken gefe ya sa ƙafa a ƙasa. Auta ya tsaya a bayansa yadda ya saba.

"Wuce."

"Yaya, bayanka fa?"

"Zan sauko a hankali, hannun dama na koyon aiki. Wuce, na ce."

Auta ya taka feda. Ya kwantar da keken a kwanar farko ba tare da ya taɓa birki ba, ya tsallake dutsen da Gwanki kullum yake kewayewa, kafin ƙiftawar ido ya shige cikin bishiyoyi. Gwanki ya daɗe a tsaye yana kallon wurin da ya ɓace. A duk shekarun nan bai taɓa ganin bayan ƙanensa a kan keke ba, ashe haka yaron yake tafiya.