Tsakanin Fada da Faɗa

"Ba ni gogewa, Malam."

Dokta Junaidu ya dubi Zakiyya ta saman tabarau. Shekara guda yana duba aikinta na kammala digiri, bai taɓa jin ta musa masa ba.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni goge haruffan nan."

A kan teburin ɗakin gwaje-gwaje akwai wani ɗan faifai kore, bai fi tafin hannu ba, an jona shi da rediyo mai aikawa da karɓa. A tsakiyarsa ƙwayar lantarki ce baƙa, irin wadda ake tsara mata hanyoyin cikinta da kwamfuta, in an ga dama a wanke ta kamar allo a sake rubutu. Zakiyya ta koya mata mayar da rubutu sauti, sautin ya bi iska ya sauka a wata rediyon ya koma rubutu, ko da babu sabis na waya. Masu rediyon sha'awa sun daɗe suna haka a duniya. Abin da ta ƙara haruffa uku ne da tsarinsu bai sani ba: ɓ, ɗ da ƙ.

"Tsarin mutane an gwada shi shekara da shekaru," in ji Dokta. "Naki sau nawa?"

"Sau biyar. Uku ya yi."

"Biyu ya ƙi. Yau baƙuwa za ta zo daga Kano ta jarraba ku. In abin ga ya ƙi gabanta, maimaita shekara za ki yi, kuma ba ni da bakin cetonki. Kowa na rubutu a waya ba lanƙwasa, wa ya mutu?"

Ita kuwa ta san wadda ta kusa mutuwa. Daminar bara, lokacin da sabis ya ɗauke a ƙauyensu na wajen Goronyo, Malam Maigandi, tsohon injiniyan gidan rediyo wanda ya koya mata harkar har ta sami lasisi, ya aiko saƙo ta rediyonsa zuwa ga wani abokinsa a Mabera: "Garba da makiyaya suna fada." Garba yayanta ne. Abokin ya karanta faɗa, ya garzayo gidansu a unguwar Gawon Nama da labari. Kwana biyu Inna ba ta sa komai a bakinta ba, har sai da aka ƙara mata ruwa. Ashe fadar mai gari suka je, ana sasanta su kan burtali.

"Na gano abin da ya sa ya ƙi, Malam, na gyara."

"Kin gwada daga nesa?"

"A'a."

Ya tattara takardunsa. "To, Allah shi kyauta."

Sai bayan ƙarfe ɗaya layi ya zo kanta. Baƙuwar, Farfesa Lantana, doguwar mace ce mai ƙarancin murmushi. Ta saurari bayanin Zakiyya har ƙarshe, sannan ta tambayi inda ɗayan faifan da zai karɓi saƙon yake.

"Yana ƙauye, wurin Malam Maigandi. Yana jiranmu."

"Matsa, ni zan rubuta."

Farfesa ta ja madannan ta buga da yatsa biyu: "Ina mai gari? Yana fada ko yana faɗa?" Rediyo ta saki wani siririn kuka mai rawa, ta yi shiru. Sai shuuu kawai.

Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Zakiyya ta duba waya, ta duba eriya ta taga, komai yana wurinsa. Zufa ta jiƙa mata ƙasan hijabi. Ta tuna Inna da ta riga ta gaya wa maƙwabta bana ɗiyarta za ta gama. Dokta Junaidu ya harɗe hannuwa yana kallon fanka. A minti na shida Farfesa ta buɗe murfin alƙalaminta.

"Ranki ya daɗe, a ƙara mani kaɗan."

"Akwai mutum tara a bayanki, 'yan mata."

Kafin alƙalamin ya taɓa takarda kukan ya dawo, can ƙasa-ƙasa. Haruffa suka fara fitowa a fuskar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya:

"Ku gafarce ni, alwala nike. Mai gari shina fada, kuma shina faɗa, don ɗan maraƙinai ya ɓace."

Farfesa ta karanta sau biyu, ta sa yatsa tana bin lanƙwasar kowane harafi. Sai ta fashe da dariya har da buga tebur.

"Wannan 'shina' kaɗai ta isa shaida daga ƙasarku saƙon ya fito! Ki ce masa Allah ya bayyana maraƙi."

Zakiyya ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Ta sauke numfashin da take riƙe da shi tun safe.

A baranda Dokta Junaidu ya tsayar da ita.

"Kin ci, kuma kin ci da kyau. Ba ni hana ki hakkinki. Amma gurbin mataimaki na ɗakin ga, ɗan ajinku Saifullah za ni ba. Ba ni aiki da wanda za ni ce bari, shi ce sai ya yi."

"Na gode, Malam," ta ce, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta naɗe wayoyinta, ta sa faifan cikin jaka, ta fito bakin titi neman keke mai zuwa Gawon Nama. Jikinta sakayau, kamar an sauke mata buhun gero daga ka. Digiri ya samu, haruffanta uku suna nan daram. Aikin da ta shekara tana sa wa rai kuwa ya tafi, kuma ta san a sashen nan babu mai sake kiranta.